Kiɗan Goge Ba a Yanka Masa Rago

Ranar kasuwar Dutsi, wato Dogondutsi, in kana da lokacin ɓatawa, je ka raɓe kusa da rumfar masu atamfa ka kasa kunne. Kowane turmi da lambarsa a gefe, kamfani ya buga ta tsaf, amma har kasuwa ta watse ba za ka ji macen da ta ce a miƙo mata lamba kaza ba. Da wani suna za ta kira zanen, sunan da ba a rubuta ko'ina ba: na wata waƙa da aka yi yayi bara, ko na matar wani babba da aka fara ganin zanen a jikinta, ko wani habaici da aka jefi kishiya da shi. Mai rumfa ba ya ko tambaya, hannu kawai zai kai ya zaro. Wa ya raɗa? Bi layin kaf ka tambaya, kowa zai ce maka shi ma ji ya yi ana faɗa.

Kiɗan goge ma ta wannan ƙofar yake samun suna. Jariri ana jira ya kwana bakwai, a tara liman da dangi da sassafe, a raba goro, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Kiɗa kuwa ko zakara ba a taɓa yanka masa ba. Mai goge na zaune a gindin bedi da la'asar yana gyaran kayansa, sai yatsunsa su bi wata hanya da ba su saba bi ba, ya ji ta yi masa daɗi, ya sake bi, yaronsa mai ƙwarya ya kama. Shi ke nan an haihu, ba guɗa, ba ungozoma. Suna sai daga baya, kuma sau da yawa ba uban ɗan ke sa shi ba.

Mu dama mun saba da suna biyu. Akwai na yanka, wanda liman ya raɗa, akwai kuma wanda gida ya liƙa wa mutum. An haife ka bayan mata, ka zama Tanko. An haife ki ran Lahadi, kin zama Ladi. Ka zo ana tsuga ruwa, Anaruwa ke nan har ka yi furfura. Uwa na jin nauyin sunan ɗan fari, sai ta lanƙwasa masa wani, unguwa ta ɗauka. Ran da aka zo neman mutum da sunan takardarsa, sai a yi ta kallon juna. To shi kiɗa na biyun kaɗai gare shi.

Ina saurayi na taɓa kwana a wani ƙauye tsakanin Tibiri da Dumega, gidan wani tsoho mai goge da kakata ta haɗa mu zumunta. Na zauna ina kallonsa yana haɗa kayan aiki. Rabin ƙwarya ce an rufe bakinta da fatar guza, ga sanda ta ratsa ta, ga tsagiyar doki an ɗaure ta tam daga sama har ƙasa. Ya ɗauko wani ɗan itace mai ƙafafu ya cusa ƙarƙashin tsagiyar don ya ɗaga ta daga fatar. Jaki ake ce masa, kuma wanda ya sa wannan suna ya san jaki: shi ke ɗauke da nauyin duka, ba wanda ke yaba masa, in ya zame kuwa tafiya ta tsaya. Tsoho ya shafa ƙaro a izgar, ya kanga fatar kusa da garwashi ta ɗan ɗame, ya ja sau biyu, sannan ya saki wani kiɗa gajere mai hawa da gangara. Na ce, “Baba, mi as sunan wanga kiɗi?” Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan ruwan da ke cikin tulu. Ya ce, “Yaro, kiɗi ba suna garai ba, mai shi garai.” Ya sake ja. Bai kai ƙarshe ba sai ga guɗa daga bayan darni. Wata dattijuwa ce maƙwabciya, taken mahaifinta ne, manomi, ya rasu tun ban san kaina ba. Ta leƙo tana share ido da gefen zane, ta ajiye masa goro biyu ta koma bakin turminta.

Abin da tsohon ke nufi shi ne take. A ƙasar Hausa kiɗa yakan zo da ubangidansa, kamar yadda ba ka ganin gona a Arewarmu ta Dutsi ka ce ta Allah ce kawai. Tambaya kaɗan za a gaya maka ta gidan wane ce tun kaka da kakanni. Mahauta na da nasu a kalangu, maƙera na da nasu, manoma na da nasu a gangar noma, ɗan kokawa kuwa da ya ji nasa sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya faɗo fili yana kirari ko bai yi niyya ba. Saboda haka in ka ce taken wane, ka riga ka faɗi sunan kiɗan, ba sauran wani raɗi.

Akwai kuma wani sirri da ke sa abin ya yi mana sauƙi. Harshenmu hawa da sauka gare shi. Kuka da ake miya da ita da kuka da yaro ke yi, baƙaƙensu ɗaya, murya ce ta raba su. Tsagiyar goge tana iya bin wannan hawa da saukar sawu da sawu, har wanda ya san kirarin ya ji kalmomin a ciki ko mai gogen bai buɗe baki ba. Sunan yana cikin kiɗan ke nan, kamar ƙwallo a cikin goriba: ka gwaguya ka gwaguya, a kansa za ka tsaya.

Ba inda wannan ya fi fitowa fili irin wasan bori, kuma Arewa ba baƙuwa ba ce a nan. Ba gayyatar kowa nake ba. Malamai sun yi magana, yawancinmu masallaci muka nufa, wasan ma ya ja baya ƙwarai a kan yadda kakanninmu suka san shi daga Lugu da Bagaji har Matankari. Amma mai neman asalin hatsi dole ya leƙa rumbu, kuma rumbun kiɗan goge a ƙasar nan can yake. A wurin masu abin, kowane iska da takensa: na Doguwa daban, su Doguwar ma ba ɗaya ba ce, kowace da dutsenta ko itacenta, na Mariya mai son sukari da turare daban, na Ɗan Galadima ɗan sarki mai kyauta, na Malam Alhaji tsoho mai tari, na Gurmunya mai jan gindi, na Kirai da ya zo daga wajen Zabarmawa. Ka taɓa tsayawa bakin rijiya da rani, garke uku sun cakuɗe, Bafillace ɗaya ya yi kira? Shanunsa kaɗai ke ɗaga kai, sauran ko a jikinsu. Haka mai goge ke yi da 'yan ƙwaryarsa a gaba: ya bi take bayan take, jama'a na zaune shiru, sai ya taɓo wani, can ka ga mutum ɗaya ya fara rawar jiki. Mai gogen da ya rikita take biyu kuwa, ya zama mai tallar da ya shiga gidan makoki yana kiran fura.

Kuma rumbun ba a rufe yake ba, ana ta zuba sabon hatsi. Wajen 1925 wata mata mai suna Shibo, a Shikal ta ƙasar Filinge, ta fito da wasu iskoki da ba a taɓa gani ba, masu fareti da sara wa juna irin na soja, waɗanda muke kira Babule, Zabarmawa kuma su ce Hauka. Abin ya bazu har Arewa. Baturen mulki na Yamai a lokacin, Croccichia, ya sa aka kama su aka kulle. Me ya biyo baya? Shi kansa sai ga shi an sa shi cikin jerin iskokin, da suna Kwamandan Mugu, da nasa kiɗan. Mutum ya zo kashe wuta, aka sa sunansa a murhun.

Yanzu bari mu tsallaka teku, don su ma can suna da gogensu, kuma sun sha fama da wannan matsala ta suna fiye da mu. Gogen Amurka na katako ne, tsirkiya huɗu, a kafaɗa ake ɗora shi a danne da haɓa. Mutanen da suka yi ƙaura daga Ingila da Sikotlan da Ailan ne suka kai shi, suka zauna da shi cikin duwatsun gabashin ƙasar, su Bajiniya da Kentaki. Bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka su ma sun kaɗa shi sosai, suka kuma haɗa masa da banjo, wadda in ka dube ta da kyau za ka ga jinin gurumi a fuskarta. Kiɗan rawa ne na dare bayan girbi, gajere, gaɓa biyu ana ta juya su kamar mai tuƙa tuwo. Sai dai Ingilishi ba ya hawa da sauka irin namu, gogensu ba ya magana. Don haka sunan ba ya ciki, a waje ake liƙa shi, kamar yadda ɗan kasuwa ke rubuta suna da shuni a bayan buhu kafin a ɗora a mota. Buhun wake ne, amma rubutun na iya cewa komai.

Shi ya sa in an karanto maka sunayen sai ka yi dariya. Akwai Murnar Soja, wanda tun a Sikotlan yake da wannan suna, shekara fiye da ɗari biyu ke nan. Akwai Giya Kafin Karin Kumallo, Allah ya shirya. Akwai na tsohuwar kaza mai kyarkyara, inda mai gogen ke tsinkar tsirkiya da yatsa ta yi kukan kaza. Akwai na wani jirgin ƙasa da ke zuwa Fulorida, wanda Ervin Rouse ya tsara a 1938, ana jin usur ɗin jirgin da sassarfar ƙafafunsa a ciki. Waɗannan su ne masu sauƙi, irin sunan jaki ne: baƙi a ce duna, mai ja-ja a ce aura, ba sai an kira taro ba.

Na wurare ma suna da yawa, rafi kaza, dutse kaza, kamar dai yadda muka ga dutse dogo muka ce Dogondutsi, muka ga kirya doguwa muka ce Dogon Kirya, Kore Mai Ruwa kuwa sunan ya gama bayanin kansa. Amma akwai wani shahararre da ake kira Cripple Creek, wato Rafin Gurgu, da har yau ake ja-in-ja a kansa, domin akwai rafi mai wannan suna a Bajiniya, akwai kuma garin haƙar zinariya mai sunan a Kolorado, kowa na cewa nasa ake nufi. Duk wanda ya taɓa zama a fadar hakimi ranar da ƙauye biyu suka kawo ƙarar rijiya ɗaya ya san yadda irin wannan shari'a ke tafiya: kowa da kakansa da ya gina ta, kuma kakannin duk sun mutu.

Take irin namu ma suna da shi jefi-jefi. A 1785 wani makaɗi Bajamushe a Niyok, Hoffmaster, ya tsara kiɗa musamman don wani ɗan rawa mai suna John Durang, kuma har gobe da sunan Durang ake kiransa. Bambancin shi ne, a can ba wanda zai yi guɗa daga bayan darni. Masu kaɗa shi yau yawancinsu ba su san ko Durang mutum ne ko gari ba. Sunan ya zama irin randar da aka gada: ana shan ruwa a cikinta, an manta maginiyar.

Wanda ya fi burge ni shi ne Takwas ga Janairu. Kwanan wata ne sak aka sa wa kiɗa, don ranar 8 ga Janairu 1815 ce sojojin Amurka ƙarƙashin Andrew Jackson suka fatattaki na Ingila a Niyu Oliyans. Bayan shekara ɗari da wani abu wani malamin makaranta a Akansas, Jimmy Driftwood, ya ɗora masa baitoci don yaransa su riƙe tarihi, a 1959 kuma waƙar ta cika gidajen rediyon Amurka a bakin Johnny Horton. Mu ba ma haka. Ba mu sa wa abu sunan kwanan wata, shekarar ce muke sa wa sunan abu. Tsofaffi ba sa cewa 1914, Kakalaba suke cewa. Yunwar 1984 kuwa El Buhari muka kira ta, don ta zo daidai lokacin da gwamnatin Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina ƙetarowa. Mutanen Lugu ma in suna ba da labarin 1899, ba lamba suke faɗa ba, zuwan Nasara suke cewa, lokacin da Sarauniya ta tsaya wa rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine. Duk manufa ɗaya ce, a rataya abin da ya faru a wani maratayi don kada ya faɗi ƙasa. Su suna rataya yaƙi a kan kalanda, mu muna rataya kalanda a kan yaƙi.

Sai kuma kiɗan da ke canza suna a hanya, kuma su ne mafi yawa. Jaki ne da ya bi kasuwa uku: an saye shi a Matankari da suna ɗaya, dillalin Dutsi ya kira shi da wani, kafin ya kai Geceme ya zama na uku, shi kuwa jakin kunnensa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Wani kiɗan Sikotlan da aka sa wa sunan wata baiwar Allah McLeod, da ya shiga duwatsun Amurka sai aka ji wasu na kiransa da sunan wani Kawu Jo, wasu kuma da wani kirari na zuga mata su yi tsalle. Wani kuwa da gangan aka sauya masa. Wanda yau yara ke sani da Talotalo Cikin Ciyawa, wajen 1834 sunansa na cin mutuncin baƙar fata ne, a wasannin da Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi. An wanke masa suna kamar mutumin da ya yi abin kunya ya koma wani gari ya ce a kira shi Malam. Waɗanda suka san shi a garin farko dai ba su manta ba.

Akwai ma wanda ya yi tafiyar da ta fi ta fatake. Komawar Bonabat sunansa, don tuna Napoliyon na Faransa. A 1937 wani mai tattara waƙoƙi, Alan Lomax, ya naɗi wani tsoho a Kentaki, William Stepp, yana kaɗa shi da wani irin sauri nasa na kansa. Wani babban mai tsara kiɗa, Aaron Copland, ya ɗauke shi kusan yadda yake ya sa a aikinsa na 1942 da wani suna daban, daga baya kuma sai ga shi a talabijin ana tallar naman shanu da shi. Daga sarkin yaƙin Faransa ya gangaro ya zama taken mahauta.

Wasu kuma sam ba su da suna, marayu ne. Mutanen Ailan in sun rasa, sai su rubuta kalma biyu da harshensu masu ma'anar “ba suna”, ko su kira kiɗan da sunan wanda suka ji shi a hannunsa, kamar yadda muke cewa irin gero na gidan wane. Francis O'Neill, shugaban 'yan sandan Shikago, ya tara kiɗa 1,850 a littafi ɗaya a 1903, kuma da yake ba a buga littafi da layi babu kai, marayun da dama shi ya yi musu wanzami da liman. Faifai ma haka ya yi. Da mai goge Eck Robertson ya shiga ɗakin ɗaukar murya a 1922, dole a buga wani abu a tsakiyar faifan, kuma abin da aka buga shi ya zauna, sauran sunayen suka bushe kamar kududdufi bayan kaka.

Mu ma rediyo da kaset sun yi mana wannan aikin. Mai aika takarda zaɓi-sonka a Rediyon Kaduna ko Muryar Sahel ba zai rera a takarda ba, sai ya rubuta wani abu, ma'aikaci kuma sai ya san kwalin da zai ɗauko. Waƙa mai baki ba ta ba da wahala: a ɗauki amshinta, ko sunan wanda aka yi wa. Ta Ɗan Anace ta zama Shago, ta Narambaɗa ta zama ta dokin nan Ɗan Filinge, ta Ɗan Maraya ta zama Karen Mota. Bakandamiya ce kaɗai na san mawaƙi kan sa wa da bakinsa, ita ma don ita ce ɗiyar so. Amma zallan goge, wanda ba a buɗe baki a ciki ba, mai sayar da kaset a tasha ya rubuta “Goge” da biro a bayan kwali, ya huta.

Yau abin ya koma hannun yaran nan masu cajin waya da tura waƙa a memori. Kwanakin baya na raka wata gwaggona wurin ɗaya daga cikinsu, a bakin tasha. Goro take sayarwa, an saya mata waya, tana son a sa mata wani kiɗa da ta ce ana yi a bikinsu suna 'yan mata. Yaron ya buɗe kwamfutarsa ya ce, “Inna, mi as sunanshi?” Ta ce, “Ɗana, in na san sunanshi mi zai kawo ni wurinka?” Ya juyo mana da fuskar kwamfutar: goge 1, goge 2, goge 3, har ashirin da wani abu, kamar buhunan da ruwa ya wanke wa rubutu. Ta tsuguna, ta ajiye farantin goro, ta fara rera masa ta hanci. Ya buɗe na farko, ta girgiza kai. Na biyu, ta ce wannan na 'yan bori ne, ya rufe maza. Mutane suka fara taruwa, wani ɗan kabu-kabu ya kashe babur ɗinsa yana ba da shawara. A na goma sha huɗu ta ɗaga hannu, ba ta ce komai ba, kafaɗarta ce kawai ta fara motsi. Yaron ya tura mata, sannan na ga ya goge “goge 14” ya buga wani abu don kada ya sake shan wannan wahala.

Bayan sati biyu na koma cajin wayata. Ina tsaye sai ga wani saurayi ya miƙa memori ya ce a sa masa na kokawa guda biyar, a haɗa masa da Tsohuwa Mai Goro.